Jifan da Jikana Ya Yi a Sito

Shekaru sun ja, mantuwa ta fara yi mini ɗauki ɗai-ɗai, har wani lokaci in tsaya a tsakiyar kicin ban san abin da ya kawo ni ba. Amma akwai wata Asabar ta hunturu a unguwarmu Cheetham Hill wadda na san ko me zan manta, ita tana nan tare da ni har ranar da za a rufe ni da ƙasa.

Ni ba ɗan boko ba ne. Firamare na gama a Kano, rabo ya kawo ni Manchester, na ƙare ƙarfina a sito-sito na masu sayar da tufafi a sari, ina ɗaga dila ina jera kwali. 'Yata ta fari ma'aikaciyar jinya ce, tana aure a Erdington ta Birmingham, ɗanta kuma shi ne jikana na farko. Tun yana ƙarami ya liƙe wa wani wasan Amurkawa da ake yi a filin bayan gidansu, wai shi besbol. Mutum ɗaya ne yake jefa wata 'yar ƙwallo mai tauri, wani kuma yana ƙoƙarin dukanta da gora. Jikana mai jifa ne. Allah ya ba shi hannu, har wata jami'a a Amurka ta ɗauke shi yana karatu yana yi musu wasa.

Yadda suke yi a can, duk shekara da rani manyan ƙungiyoyi suna zama su zaɓi sabbin 'yan wasa daga makarantu, bi da bi. Tun da sauran watanni masu bin diddigin wasan suke fara rubuta hasashensu, wane zai fara fita, wane zai biyo shi. A wannan hunturun sai ga sunan jikana can sama, cikin waɗanda ake cewa za a yi rububinsu. Uwarsa ta kira ni ta gaya mini, muryarta ƙasa-ƙasa kamar wani yana saurare.

Ta ce, "Baba, don Allah ka riƙe shi a cikinka. Hasashe ne kawai, ba a zaɓe shi ba tukuna. Ka san bakin mutane."

Na ce, "Ke, ni yaro ne?"

Kafin Juma'a ta zagayo babu wanda bai ji ba a masallacinmu. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana zaune a bayan likitoci da injiniyoyi suna hirar 'ya'yansu, ranar da ya samu abin faɗa, bakinsa ba ya rufuwa.

Da ya zo hutu sai ya hau jirgin ƙasa ya zo gaishe mu. Ranar ta yi daidai da walimar sunan jikan wani abokina, wanda ya ari wani sito da aka kwashe kayansa don a samu wurin da zai ɗauki jama'a. Na san siton nan kamar tafin hannuna, na yi shekaru ina aiki a cikinsa. Dogo ne ƙwarai, ba taga, fitilunsa kuma irin waɗanda ba sa kamawa sai sun ji motsi. An shimfiɗa darduma a bakin ƙofa, an kunna hita guda ɗaya don ɗumama wurin, can ƙurya kuwa duhu ne, sai wasu diloli na barguna da aka bari. Bayan azahar ne, amma sanyi yana ratsa safa.

Na shiga da jikana a gaba kamar mai rakiyar ango. Aka yi ta miƙa masa hannu, yana amsa gaisuwa da Hausarsa ta Birmingham. Kullum akwai ƙwallo a aljihun rigar sanyinsa, yana juya ta da yatsu ko yana magana. Wani ɗalibi daga unguwar Hulme ya hango ta, ya ce ai sai a nuna musu. Ni ma na ce ai sai a nuna.

Ya ce, "Kaka, ba a yin haka. Sai jiki ya yi ɗumi tukuna. Kocina zai kashe ni."

Na ce, "Kocinka yana Amurka, ni ina nan. Ɗaya tak."

Ya ja da baya, ya jefa a hankali zuwa ga dilolin nan. Ko a hankalin ma, ƙarar da ta yi sai da ta zagaye sito ta dawo. Fitilun tsakiya suka kama, jama'a suka ɗauki kabbara da tubarkalla. Aka ɗauko masa ƙwallon don ya sake, amma ya mayar da ita aljihu, ya ce to shi ke nan.

A nan ne wata murya ta ce, "Wannan hannu. Ban taɓa ganin irinsa ba."

Na juya. Wani dogon mutum ne tsaye jikin ginshiƙi, nesa da darduma, da farin kaftani da kwat mai ruwan toka a kai. Ba faranti a hannunsa, ba kofin shayi. Hausarsa tsaf, irin ta mutanen da, amma ban san fuskarsa ba, ni da nake ganin na san kowane Bahaushe daga nan har Hulme. Abin da ya tsaya mini a rai daga baya shi ne fitilar da ke saman kansa a mace take. Duk wanda ya wuce ta wurin sai ta kama, shi kuwa yana tsaye cikin inuwa.

Abokina mai walima ya ce, "Malam, ka ce tubarkalla mana."

Mutumin ya yi murmushi kawai. Ya ce, "Ya ƙara ɗaya, da ƙarfinsa duka. Mu ga abin da ake faɗa."

Jikana ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce mini, "Kaka, ya isa."

To, kowa ya san wasan da ke tsakanin kaka da jika. Tun yana goye kakarsa take kiransa maigidanta, ni kuma abokin takararsa ne. Sai na ɗaga murya don kowa ya ji, na ce, "Ashe raggo ne. Bari in koma gida in gaya wa kakarka mijin nata hannun auduga gare shi, ta tattara ta dawo wurina. Turawa ma ƙarya suka rubuta."

Aka fashe da dariya. Da a Kano ya tashi, da sai ya ce, tsoho, kai da cokali ma yake gagararka, a sake yin dariya, magana ta wuce. Wasan ke nan, a jefa maka ka rama. Amma shi ba wanda ya taɓa koya masa ramawa. Abin da aka koya masa shi ne ba a mayar wa babba magana, balle a gaban mutane. Sai na ga idanunsa sun yi ja. Ya tuɓe rigar sanyin ya miƙa mini.

Ya ɗaga ƙafa, ya juya, ya saki hannu. Na ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an ɓare ɗanyen goro kusa da kunnena. Ƙwallon ta kauce wa diloli, ta daki bango, ta gangara cikin duhun ƙurya. Wurin ya yi tsit, sai hita kaɗai ke gurnani. Jikana ya dafe gwiwar hannunsa, ya yi sauri ya saki, ya yi wani murmushi da bai kai zuci ba.

Ba wanda ya tashi ɗauko ƙwallon. Muna nan sai muka ji ta tana tahowa. A hankali take mirginowa a kan siminti, ta fito daga duhu, ta wuce diloli, ta zo ta tsaya a gefen takalmina. Wani ya ce ai ƙasan ne a karkace. Amma ni na sha wanke daɓen nan da ruwa, kuma na san ruwan can ƙurya yake gangarawa, ba bakin ƙofa ba. Da na waiwaya jikin ginshiƙi, babu kowa. Ƙofa ɗaya ce ga siton, mu kuma a bakinta muke zaune.

Aka ci gaba da walima, aka kawo shayi. Sai na ga jikana ya karɓi kofi da hagu, yaron da uwarsa ta yi wa tarbiyya tun yana rarrafe. A tashar bas ya kasa jan zif ɗin rigarsa, ni na ja masa. Na ce, "Lafiya dai ko?" Ya ce, "Ba komai, Kaka." Washegari ya koma Birmingham.

Na yi ta tambaya a kan mutumin nan. Mai walima ya ce ya ɗauka tare muka zo. Ɗaliban Hulme suka ce sun ɗauka dangin mai jego ne. Kowa ya tuna kwat ɗin, amma da na ce a kwatanta mini fuskarsa sai a ce wallahi ta ɓace. Ɗalibin nan ya ɗauki bidiyo da wayarsa, na sa ya nuna mini. Ana jin mai walima yana cewa a ce tubarkalla, daga nan sai ƙarar hita, ba amsa. Muryar da ta biyo baya, tar da ita, tawa ce, ina cewa raggo.

Bidiyon ya riga ya fita tun a ranar. Daga waya zuwa waya har ya kai Amurka, masu hasashen nan suka ga yadda ya dafe hannu. Duk sanda suka sabunta rubutunsu sai 'yata ta ce mini ya ƙara sauka. Ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba. Gaisuwa kawai, sai labari, sai ta ce a gaida Umma. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Kafin hunturu ya fita likitoci suka ce jijiyar gwiwar hannun ta tsinke, aka yi masa aiki, sunansa ya ɓace daga hasashe gaba ɗaya.

Ranar zaɓen na tafi Erdington ba tare da an gayyace ni ba. Rani ne, irin yinin nan da rana ba ta son faɗuwa. Na tarar da shi a falo da kwamfuta a cinya, hannunsa cikin wani ƙarfe mai maɗauri. Ana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, ana nuna iyalai suna rungume juna. Aka kira wani yaro da suke ɗaki ɗaya a jami'a, wanda a da yake can ƙasa da shi. Jikana ya tafa cinyarsa da hagu, ya ce, "Ya cancanta." Wayarsa tana kan hannun kujera, fuskarta sama. Ni da shi da uwarsa duk muna satar kallonta, ita kuwa ko haske ba ta yi ba.

Can ya rufe kwamfutar ya fita bayan gida, na bi shi. Na fara kame-kame, ina cewa wannan kambun baka ne, mutumin nan ba alheri ya kawo shi ba. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Kaka, hannun yana ciwo tun kafin in zo hutu. Ban gaya wa kowa ba, ko Mama. Na ga sunana a sama, na ji tsoro in na faɗa za su sauke ni."

Na ce, "To me ya sa ka jefa?"

Ya ce, "Maganarka ta yi mini zafi. Amma ba ita kaɗai ba ce. Mutumin nan, ba ka ga hannunsa ba? Tun da muka shiga yake riƙe da gwiwar hannunsa ta dama, da yatsa biyu, nan ciki." Ya nuna mini wurin ta cikin maɗaurin. "Daidai inda yake yi mini ciwo. Yana dannawa yana kallona. Na ɗauka wani ne ya san labari, na ce bari in nuna masa lafiyata ƙalau."

Rana tana nan a kan katanga, yaran maƙwabta suna ihu a nasu lambun. Na ce, "Ka tuna fuskarsa?"

Ya girgiza kai.

Ba a zaɓe shi ba a wannan shekarar. Ya warke, ya koma, amma jifan bai dawo yadda yake ba, shekarar da ta biyo ma ba a kira shi ba. Ya gama karatunsa, yana aiki a Birmingham yanzu, ya yi aure. Siton nan kuwa an rushe shi an gina benayen gidaje a wurin. Idan bas ya bi ta nan da ni, nakan juyar da kaina ɗaya gefen.

Har yau ban san wane ne mutumin nan ba, kuma na daina tambaya. Mutum ne, wani abu ne daban, Allah ne masani. Abin da na koya dai shi ne, abin da bai zo hannu ba tukuna ba naka ba ne balle ka yi ado da shi. Su masu hasashe sun rubuta yaron nan a sama, ni na ɗauka na kai kasuwa, shi kuma ya ɓoye ciwonsa don kada ya ba mu kunya, duk a kan goben da babu wanda ya gan ta a cikinmu. Yanzu idan aka kawo mini labarin alheri na wani yaro, nakan ce Allah ya tabbatar, in yi shiru. Idan kuma yaro ya ce mini ya isa, ko a gaban wa muke, to ya isa.