Kunya Biyu na Furen Taba

Madalla da manyan Maraɗi, Allah ya ƙara masu hanci. Da can sai sigarin Faransa. Yanzu an waye, sai naɗaɗɗen ganye mai kaurin rogo, wai kowace ƙasa da nata ƙamshi. Ina kasuwar Ɗan Issa ina yi wa wani alhaji wannan kirari don ya saya, direban Madarunfa ya dafa kafaɗata ya ce, "Dillali, sai haƙuri. Baba Nomau ya cika." Ni da ake biya don surutu, na ajiye ganyen, na bar cinikin.

Baba Nomau ne ya riƙe ni bayan na bar lakwal, makarantar boko. A fadamarsa ta bakin gulbi na koyi dashen taba da shanya ta a inuwa, kafin kasuwa ta ɗauke ni. Bai taɓa sha ba, bai kuma taɓa cusa ruɓaɓɓen ganye a tsakiyar dami ba. In na cika shi da zance sai ya ce, "Ɗan nan, taba ba ta jin Faransanci. Ba ta ruwa."

Da darajar kuɗin sefa ta faɗi, kayan waje suka yi wuta, na kai masa wani mushe, ɗan boko mai kwat, daga Yamai mai neman ganyen naɗi. Mushe ya shinshina, ya yaba, ya ce zai kwashe duka. Sharaɗi ɗaya: a fille kan kowace shuka kafin ta yi fure, ƙarfin ya koma ganye.

Baba ya nuna kunyoyin shukar ya ce, "Ban da kunya biyun can."

Mushe ya ce duka ko babu. Na ja Baba gefe na ce, "Haba Baba, fure ne fa."

Ya ce, "Na Hajara ne. Tun tana amarya nake kai mata shi da goro. Da me za ta rina haƙora?"

Mushe ya shiga motarsa, ya tafi da la'adata. Baba ya koma ban ruwa.

Da na je gaisuwar rasuwar na iske matar tasa, Inna Hajara, cikin takaba, jan haƙoranta ya fara dushewa. Ta ce, "Ranar da ciwon ya kwantar da shi ma sai da ya kawo mani furen." A fadama kunya biyun sun buɗe, babu mai tsinka.

Sani, babban ɗansa, ya raka ni tasha. Yara sun yi masa yawa, rumbu ya yi ƙasa, ban ga laifinsa ba. Ya ce, "Yaya, mushen nan yana nan? Bana sai mu fille duka."

Allah ya jiƙan Baba Nomau, ya sanyaya makwancinsa yadda ya sanyaya wa shuka, ya sa Aljanna ce makoma. Allah ya ba Inna haƙuri, ya rufa wa Sani da ƙannensa asiri.

Na ce wa Sani zan yi tunani. Amma ku masu hanci, ranar da Inna za ta fita takaba, cikin ƙasashen nan naku masu ƙamshi, wace ce ke aiko da fure?