Jarkar Sufa da Wankan Inna

Maigidana ya taɓa mallakar wata farar mota 'yar Kwatano, wadda ta gama tsufanta a ƙasar wasu kafin ta zo ta ƙarasa a hannunsa. Ni dai ban ga abin da ta fi motocin sauran ma'aikatan sakatariya na Kazaure da shi ba. Shi kuwa, ko kaza ta giftta kusa da tayarta sai ya fito ya duba. Kullum da safe kafin ya karya sai ya goge ta, ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallonta.

Motar nan ba ta shan man gidan mai, haka ya yanke mata. Wani abokinsa da ya taɓa zama a Damagaram ne ya hure masa kunne, wai akwai wani fetur a tsallaken iyaka da ake kira sufa, ya fi namu ƙarfi, yana wanke inji, yana ƙara wa mota kwana. Shi ke nan fa. Ya ƙulla da wani mutumin Babura da ke ɗauro masa jarka a bayan babur. In jarka ta iso, ka rantse baƙo aka yi daga Makka. Ya sa mazurari, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kai, ya tace a hankali, ya sunsuna yatsansa ya ce, "Kin ji ƙamshin mai na gaskiya." Ni warin fetur kawai nake ji.

Bakanikensa ma ya faɗa masa gaskiya, a gabana. Muna dawowa daga wani suna ne muka biya gareji, ina zaune a kujerar baya. Dattijon ya goge hannu ya ce, "Yallaɓai, wannan injin don man gama-gari aka ƙera shi. Sufa na wasu manyan motoci ne masu matsattsen inji. Taka ko ka ɗura mata, ba gudun da za ta ƙara, ba lafiyar da za ta ƙara. Ga shi ma a rubuce a murfin tankin." Maigida ya yi murmushin nan nasa na wanda ya yi boko. Da muka hau hanya ya ce da ni, "So yake ta riƙa lalacewa ina kawo masa."

Da a ce abin ya tsaya a nan, da na bar shi da haukarsa. Kowa da tasa.

Ni 'yar fari ce a wurin Innata. Mu mutanen Gwiwa ne, jinin Fulanin da suka ajiye sanda suka kama noma, amma kunyar ɗan fari ba mu ajiye ta ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke," ko "waccan," ko ta aiki wani ya kira ni ina tsaye a gabanta. Ba ta cin abinci ina kallo, ba ta yabona, ko ranar da aka kai ni ɗakin miji ba ta fito ba. Na san al'ada ce, na kuma san tana sona, amma wallahi sanin bai taɓa hana ni jin zafi ba.

Abu ɗaya ta taɓa roƙona a duniya. Wata shekara na je gaishe ta bayan kaka, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ta kawar da kai wajen rumbu ta ce, "In ta Allah ta kasance, ke za ki yi mini wanka. Ba na son hannun kowa." Ko kallona ba ta yi ba. Na ce, "To, Inna." Daga nan na je wurin matar limamin unguwarmu na koyi wankan gawa, yadda ake fara da dama, yadda ake sa ganyen magarya a ruwa, yadda ake suturta mamaci ba a kalli tsiraicinsa ba. Na riƙe maganar nan kamar wadda aka ba ajiyar zinare.

Ranar da abin ya faru cikin bazara ne, rana tun da sassafe tana dukan mutum. Ƙanena ya kira ni a waya ya ce jikin Inna ya rikice tun asuba, in taho yanzu. Na zari mayafi na sami maigida a ƙofar gida. Ya buɗe mota ya murɗa makulli, allurar mai tana kwance. Ya ce kada in damu, yau ne ranar kawo jarka, mutumin Babura ya riga ya taso.

Na ce, "Malam, ga gidan mai nan a bakin titi, ko layi babu. Ka aika a sayo galan ɗaya ya kai mu."

Ya ce, "Shekara nawa ina kiyaye injin nan, yau ɗaya in gauraya masa? Ki yi haƙuri, yanzu zai iso."

Na ce to bari in tafi tasha. Ya haɗe rai. "Matata a motar haya, ga mota a ƙofar gidana? Me kike so mutane su ce?"

Na koma na zauna. Wannan zaman shi ne abin da har yau na kasa yafe wa kaina. Na zauna a bakin ƙofar ɗaki da mayafi a kaina da jaka a cinya, duk babur ɗin da ya wuce sai in miƙe. Maigida yana ta buga waya. Wai mutumin ya wuce Kanya Babba. Wai taya ta yi faci. Wai ya sami mai faci, yanzu-yanzu.

Hantsi ya ɗaga sosai wayata ta sake ƙara. Ƙanena ne, yana ta salati. Inna ta cika. Ya ce saboda zafin nan liman ya ce da an idar da azahar za a kai ta, mata sun riga sun ɗora ruwa. Na ce, "Ka ce su jira ni. Don girman Allah ka ce kada kowa ya taɓa ta."

Na fita na durƙusa a gaban mutumin nan, a kan ƙasa, kusa da tayar motarsa. Na ce, "Malam, uwata ta rasu. Galan ɗaya." Ya yi salati, idonsa har ya kawo ruwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Sannan ya dubi agogo ya ce, "Ai ya kusa shigowa gari. Da ki hau motar da za ta yi ta tsaye-tsaye, gara ki ƙara minti goma, tamu ta fi sauri."

Na ƙara masa, har wajen awa guda. Daga nan na miƙe na fice, karo na farko tun aurenmu da na taka ƙofa ba da izininsa ba. A tasha motar Gwiwa mutum biyu ne a ciki, ba ranar kasuwa ba ce, direba ya ce sai ta cika. Na tare ɗan acaɓa. Kafin mu bar gari ya tsaya wurin 'yan bumburutu aka juye masa kwalba biyu, ko tacewa ba a yi ba, babur ya tashi garau.

Da muka shiga layinmu na ga tabarmi a ƙofar gida, babu maza ko ɗaya. Sun tafi da ita. Na shiga da gudu na wuce mata masu kuka na zagaya bayan ɗakinta. Ƙasa a jiƙe, ganyen magarya a warwatse, ga ƙwarya a kife. Gefe-gefen wurin har ya fara bushewa. Na zauna a cikin laimar nan da kayana. Goggona, ƙanwar mahaifina, ta zo ta dafa ni ta ce, "Mun jira ki har ruwan ya huce, muka sake ɗumamawa. Maza suka matsa."

Bayan la'asar maigida ya iso, tanki cike da sufa, mota tana ƙyalli. Ina daga cikin gida na jiyo muryarsa ta kan katanga, bayan an shafa fatiha, yana gaya wa wani cewa kafin ka ce me ya iso, ko gargada bai ji ba.

Ban bar gidansa ba, akwai yara. Motar kuwa daga baya ya sayar da ita ga wani ɗan kasuwa, wanda yake loda mata awaki da buhunan gero duk ranar kasuwar Gwiwa. Man kwalba yake zuba mata, wanda ya samu a hanya. Har yanzu tana tafiya lafiya lau, takan wuce ta ƙofar gidanmu.

Ranar sadakar uku ne goggo ta ja ni ɗaki ta faɗa mini abin da ta ɓoye. Ta ce da safen nan Inna tana cikin hayyacinta har wajen hantsi, idonta a kan ƙofa. Ta yi ta tambaya ko na iso. Kuma ba "waccan" ta ce ba. Sunana ta kira, na yanka, da bakinta, har sau uku. Goggo ta ji, ƙanena ya ji, har maƙwabciya da ta shigo dubiya ta ji. Ni a lokacin ina zaune a Kazaure da jaka a cinya, ina jiran jarka.