Gawon Kawu Sidi da Muka Sare da Waya

Kalgo, biyar da rabi na asuba

Ina idar da salla na fita bakin titi, raina a ɓace. Mako biyu da suka wuce wani hoto ya karaɗe Fesbuk: itatuwa a jere tsakiyar damina, ba ganye ko ɗaya. Aka rubuta cewa dashen gwamnati ne na tare hamada a ƙasar Gwandu, wai duk ya mutu. Jama'a suka yi ta zagi. Ni ma na tura, har da ƙarin nawa. Sai jiya mahaifiyata ta gaya mini filin da ƙanenta Kawu Sidi ke gadi ne, kuma an sallame shi daga aiki.

Birnin Kebbi, shida da kwata

A tasha na canja mota, naira dubu biyu zuwa Gwandu. Ba mu cika ba sai bakwai. Muna wuce shingen jami'an tsaro na biyu direba ya ɗauko zancen.

"Kun ga hoton nan? Kuɗɗin dashe sunka cinye, sunka bar muna ƙirare."

Mota ta ɗauka gaba ɗaya. Na tambaya ko akwai wanda ya taɓa zuwa wurin. Babu ko ɗaya, amma kowa har rantsuwa yake yi.

Gwandu, takwas da rabi

Na sha kunu da ƙosai a tsaye, na hau kabu-kabu zuwa wajen Maruda. Minti ashirin da biyar muka yi cikin laka.

Na tarar da Kawu zaune kan kututture, rabin filin duk an sare. Bayan mun gaisa ya zaro wuƙa ya kankare ɓawon wani icen da ya tsira. Ɗanye ne shar.

"Gawo na, Nasiru. Da damina shika zubda ganye, da rani shi toho, bisashe su samu abin ci. Shekara bakwai ina kawo mai ruwa bisa jaki. Da anka kore ni, masu icce sunka shigo da gatura, wai waya ta ce matacce na."

Haushi ya turnuƙe ni. Masu ofishin da suka ɗauke shi aiki sun fi kowa sanin halin gawo, amma maimakon su fito su yi bayani, sai suka ba da tsoho don a daina zaginsu. Mu kuwa 'ya'yan manoma, da muka tashi muna tsince wa awaki 'ya'yan gawo, mun riƙe waya mun manta.

Kawu ya dube ni. "Kai da ka san waya, wane irin mutum ka tura abin da bai gani ba?"

Na ce masa Allah ya kyauta. Ya sa aka damo mini fura, na kasa shanye ta.

Kalgo, biyar na yamma

Na iso gida lafiya, na gode wa Allah, na gode wa Kawu da ya rako ni har bakin hanya. Tun a mota na goge abin da na rubuta, na sa hoton ɗanyen ɓawon da bayanin Kawu. Kusan ba wanda ya kula.

Ina cire takalmi waya ta yi ƙara. Wani abokina ne ya turo mini tsohon hoton, wai in ga ɓarnar da ake yi. Zagin da ke ƙarƙashinsa nawa ne, ko wasali ba a canja ba.