Ranar da Sabon Katin Hoto Ya Kusa Zaunar da Ni a Gida

Shekarun baya, ban daɗe da gama sakandare ba, na fara zama a shagon kawuna da ke Kwanar Dangora. Shagon kwamfuta ne, ana buga takardu, ana hoton fasfo, ana haɗa bidiyon walima da na saukar Alƙur'ani. Kullum da safe nake hawo mashin daga Ƙafin Maiyaki. Ba da son ran mahaifina na fara ba. Sai da mahaifiyata ta yi ta lallashi sannan ya yarda, shi ma da sharaɗi: "Ranar da aka kawo mini ƙararki, ko sau ɗaya ne, kin gama fita."

Aikin bidiyo ni ce a kansa. Kwamfutarmu tana da wani tsohon katin hoto, wato abin nan da ake sawa a cikinta ya ɗauki nauyin hotuna da bidiyo. Tsohon nan bai taɓa ba mu kunya ba, sai dai nawa. In na sa shi fitar da bidiyo guda, sai in yi shara, in yi salla, in ci abinci, in dawo in tarar yana nan yana jan ƙafa. Da Kawu ya gaji da mitar masu aiki, sai ya shiga Kano ya sayo sabo, ƙato, mai fankoki biyu a jikinsa. Ya miƙo mini kwalin ya ce, "Ke da kike kallon yadda ake yi a waya, bismilla."

Na kwance tsohon, na sa sabon. Kwamfuta ta tashi lafiya lau, har na fara jin kaina wata injiniya. Na ɗora bidiyon saukar wata Islamiyya, na danna. Ko minti biyu ba a yi ba, ɗif, ta mutu. Na kunna, na sake, ta sake mutuwa. Sau uku.

Kawu ya kira mai gyaran waya na shagon gefe. Mutumin ya leƙa cikin kwamfutar, ya kai hanci ya shinshina, ya girgiza kai. "Alhaji, ai an ƙona shi wajen sawa. Abin da ake kai wa manyan masu gyara a birni, shi ka ba yarinya?"

Na ce, "Kawu, wallahi ban..."

"Rufe mini baki. Koma can ki zauna. In an yi la'asar tare za mu tafi gida, ki yi wa babanki bayani."

Na koma lungu na zauna a kan benci, kusa da wata fanka mai tsayuwa. Ba katin nake gani ba, fuskar mahaifina nake gani, da zaman gidan da ke jirana.

Mai gyara ya ce bari ya gwada da hannunsa. Ya kunna, ya danna, kwamfuta ta mutu. A daidai lokacin iskar da ke bugun bayana ta ɗauke, can kuma ta dawo. Ban kawo komai a raina ba sai da ya sake gwadawa, fankar ta sake tsayawa. Su duk idonsu yana kan kwamfuta, ni kaɗai aka kora inda iska take. Na ce a raina, me ya haɗa fanka da katin hoto? Abu ɗaya ne: dukansu daga ƙaramar inbatar solarmu suke shan wuta, wato na'urar da ke rarraba wa shagon wutar hasken rana, wadda ke ɗakin baya.

Sanin abu daban, faɗa wa babba yana cikin fushi daban. Duk da haka na durƙusa na ce, "Kawu, don Allah in yi magana?"

"Wace kuma ta rage?"

"Katin ƙalau yake. Wutarmu ce ba ta iya ɗaukarsa. A jawo mana waya daga janaretan mai ƙanƙara a gwada. In ya mutu a nan ma, ni da bakina zan gaya wa Baba na ɓata maka kaya."

Mai gyara ya yi dariya. "Iko sai Allah! Hajiya injiniya ta yi magana. Alhaji, a jawo mata, kada ta ce an zalunce ta."

Mai ƙanƙara yana shago na uku da mu, janaretansa babba ne. Aka jawo waya, aka jona kwamfutar. Na ɗora bidiyon nan dai, na kunna agogon wayata na ajiye a kan tebur kowa yana gani. Minti ɗaya. Minti biyu, inda take mutuwa. Na runtse ido ina ta salati. Da na buɗe, fankokin katin suna ta juyawa, layin da ke nuna ci gaban aikin yana gudu kamar ana kora shi. A minti na goma sha ɗaya ya gama.

Sai Kawu ya ce, "Mayar da tsohon mu ga bambancin." Mai gyara ya miƙa hannu zai ɗauki sukudireba, Kawu ya ce, "A'a, bar mata." Na mayar da tsohon, na ɗora bidiyon, wuta ɗaya, komai ɗaya. Tsoho ya kama tafiyarsa ta ƙasaita. Har aka kira la'asar, aka je masallaci aka dawo, bai gama ba. Sai da ya ci kusan minti hamsin. Mai gyara kuwa tun daga masallaci ba mu sake ganinsa ba, wai kwastoma yana jiransa.

Magana ta fito fili. Sabon ya ninka tsohon sauri kusan sau biyar, amma in ya kama aiki cin wuta gare shi. Tsohon ba ya sauri, ba ya kuma neman abin da solarmu ba ta da shi.

Na ɗauka shi ke nan. Sai Kawu ya tada mashin ya ce, "Hau mu tafi." Muka kama hanyar Ƙafin Maiyaki. Muka tarar da mahaifina a ƙofar gida. Bayan sun gaisa Kawu ya ce, "Malam, kan yarinyar nan na zo." Ya nuna ni, ya ci gaba da magana.

"Daga gobe ita za ta riƙe makullin shago."

Mahaifina ya dube ni ya ce, "To. Ta riƙa dawowa kafin magariba."

Kawu bai taɓa ce mini yi haƙuri ba, ni ma ban jira ba. Daga baya ya sayi babbar inbata, sabon katin ya samu wutar da ta ishe shi. Amma har yau in ina kwance kwamfuta wani ya tsaya a bayana, sai in ajiye sukudireba in numfasa. Abin da ya canza shi ne na daina rantsuwa in an zarge ni. Rantsuwata ranar ko ƙarasa ta ba a bari na yi ba. Yanzu, ko muryata tana rawa, cewa nake yi a kawo a gwada a gaban kowa.