Ranar da Kaka Ya Shayar da Kunkuru

Har yau in na ji warin fetur da sassafe sai in tuna butar Kakana.

Direba ne a wani gida a unguwar Nassarawa, muna zaune a ɗakunan ma'aikata na baya, gindin darbejiya. Shekara da shekaru yana tuƙa wa Bature wata baƙar mota 'yar Ingila mai dogon hanci, wadda sai an murɗa ƙarfe a gaba take tashi. Tsohuwar nan akwai shan ruwa! Kullum da safe ni ce mai ɗauko buta, shi kuma ya ɗaga hancinta ya cika lagireto. Yakan ce, "Ba a fita da ita da ƙishirwa."

Da aka sami 'yancin kai, Bature ya tafi, aka sayar da motar. Gidan ya koma hannun wani ma'aikacin gwamnati ɗan ƙasa, ya riƙe Kaka. Tasa motar sabuwa ce dal, 'yar Jamus, mai doro kamar kunkuru, da makulli ake tayar da ita. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, ko ɗigon ruwa ba ta sha. Ba wanda ya faɗa wa Kaka, shi kuma da furfurarsa ba zai tambayi sa'an ɗansa ba.

Ranar farko ya ɗaga gabanta, bai ga inji ba, sai taya da wani murfi. Ya kwance murfin. Ni da nake gajera, hancina na daf da wurin, warin fetur ya buge ni sosai. Na gane ba mazubin ruwa ba ne. Amma a gidanmu yarinya ba ta gyara wa babba. Na miƙa masa buta, ya yi bisimilla ya juye ta duka.

Da ya ɗauki maigidan, ko ƙarshen layi ba su kai ba motar ta mutu. Makanike ya zo, ya yi ta dariya a gaban masu gadi da kuku. Maigidan bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Baba, ka huta haka nan."

A makon muka kwashe kaya zuwa unguwar Gama. Bai sake riƙe sitiyari ba har ya rasu, kuma ban taɓa faɗa masa na ji warin ba. Wannan abu yana ci na.

Yanzu jikokina kan katse ni su ce, "Hajiya, ba haka ba ne." Uwarsu ta zabura za ta tsawata, sai in ce ta ƙyale su.