Malam Abdulƙadiri da Ƙwayoyinsa Huɗu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Mayu 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Abdulƙadiri Issifou a gidansa da ke Zangon Dapaong, yana da shekara saba'in da ɗaya. 'Yarsa Zénabou ce ta kira ni a nan Sokodé, ina cikin shan koko. Na ce mata to, na ajiye waya, na shanye kokon. Har yau hawaye bai zo ba, ban kuma san inda ya maƙale ba.

Abdulƙadiri, tun karatun allo muke tare a unguwar Didaouré, nan Sokodé. Mahaifiyarka takan ce hannunka rariya ne, ba ya riƙe komai. Ƙosai ɗaya kakan raba wa mutum biyar, kai ka lashe yatsa. Da ka koma Dapaong koyarwa, zaurenka ya zama masaukin direbobin hanyar Cinkassé, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. Akwai Sallar da ka tuɓe sabuwar rigarka ka ba baƙo, ka ja mu salla da tsohuwar taguwa, ka ce wai zafi kake ji.

Shekara shida ke nan da aka gano maka hawan jini. Aka fara da ƙwaya ɗaya, aka ƙara ta biyu, aka ƙara ta uku mai sa fitsari, jinin bai sauka ba. Sai aka turo ka wurin likitan zuciya a Sokodé, duk wata uku kana sauka gidana. Ya hana ka gishiri da kanwa da goro da maganin ciwon jiki na kasuwa, ya duba ƙoda, har minsharinka sai da ya tambaya. Zénabou ta koma yi maka tukunya daban, kana ci kana cewa miyar nan ta fi ka tsoron Allah. Ita ce ke tara fankon kwalayen magani a leda, ta zube gaban likita don ya ga babu fashi. Ya duba, ya ce hawan jininka irin mai taurin kai ne, ya ƙara ta huɗu.

Bara na kai maka ziyara. Muna zaure wani manomi ya shigo da kukan ciwon kai da jiri. Ka yi masa rubutu, ka wanke. Sannan ka sa hannu a aljihu ka ɓallo masa ƙwaya biyu, kamar mai miƙa goro.

Da ya fita na ce, "Malam, wannan fa naka ne."

Ka ce, "Alidu, mutum ya taso tun daga Mandouri, in sallame shi da tawada kaɗai? Ni huɗu gare ni, shi ko ɗaya babu. Kada dai ka gaya wa Zénabou, ta fi likitan faɗa."

Na yi dariya. Da la'asar kaina ya sara, ni ma na karɓi ɗaya. Bayan wannan sau biyu ina raka ka asibiti, ina zaune ina kallon likita yana juya takardu yana girgiza kai, ban ce uffan ba. A ganina amanar aboki nake riƙewa.

Ranar addu'ar uku mutane suka yi ta tashi suna faɗin alherinka. Wannan ya ce Malam ya ba shi maganin tansiyo, wato hawan jini, wancan ya ce ya ba matarsa, wata tsohuwa daga Nano ta ce duk Juma'a tana da rabonta. Zénabou na jin su daga bayan labule. Da taro ya watse ta zo ta durƙusa gabana, ta ce, "Baba Alidu, kai ka sani?" Na ce, "Allah Ya jiƙan Malam." Ta daɗe tana kallona, sannan ta tashi.

Zénabou, ga amsarki: na sani. Ajali na Allah ne, ba zan ce da na yi magana da yana raye ba. Amma likita ya yi ta neman dalili alhali wani ɓangarensa na bakina, ke kuma kina tara fanko kina murna.

Ku da kuka karɓa daga hannunsa, da kyakkyawar niyya ya ba ku, sai dai ba naku aka auna ba. Ku je a gwada jininku, a rubuta wa kowa nasa. In kuna son saka masa, wannan ce hanyar.

Allah Ka gafarta wa bawanka Abdulƙadiri, Ka yalwata kabarinsa kamar yadda ya yalwata zaurensa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina ta'aziyya ga maiɗakinsa Hajiya Zalia, da 'ya'yansa, da ɗalibansa, da jama'ar Zangon Dapaong. Allah Ya ba mu haƙuri.

Ke kuma 'yata, in kin iya yafe mini, na gode. In ba ki iya ba tukuna, ina nan Didaouré, zan jira.