Ɗan Hujin da ke Ƙarƙashin Hannun Dama

Yayar mahaifina ce, amma mu 'ya'yan ƙannenta ba mu san ta da wani suna ba sai Goggo Don-me. Babana ya ce kakarmu ce ta laƙaba mata shi, saboda tun tana ƙarama ba a sa ta aiki ta yi salin-alin. A ce ta rufe tukunya, ta ce don me. A ce kada tururi ya fita, ta ce to in ya fita ina za shi. Ta taɓa aro zarton maƙwabci ta raba kwaɗon ɗakin ajiya gida biyu, don kawai ta ga abin da mabuɗi yake taɓawa a ciki. Ta sha duka ranar, in ji Baba, amma tana kuka tana leƙen rabin kwaɗon.

Da ta girma ta karanci zanen injina, ta sami aiki a wata masana'anta da ke ƙera gadajen asibiti da kekunan guragu. Da fensir da rula ta fara, a tsaye gaban wani faffaɗan allo. Lokacin da aka kawo kwamfuta har ta aurar da 'yarta ta fari. Sa'o'inta a ofis suka yi ta gunaguni, ita kuwa kamar an ba ta kyauta. Ta ce ga shi a ƙarshe an samo mata abin da za ta yanka ta leƙa cikinsa ba mai dukanta.

Aikin nata haka yake. Injiniya ne ke gina kowane ɓangare na keke a cikin kwamfuta, da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, ka juya shi da linzamin kwamfuta ta kowace fuska kamar yana tafin hannunka. Amma mutanen da ke yankan ƙarfe a ɗakin aiki na ƙasa ba sa aiki da abin da ke jujjuyawa, takarda suke so. To Goggo ce ke kwantar da shi a takarda: ga yadda yake ta gaba, ga shi ta sama, ga shi ta gefe. In akwai abin da ke ɓoye a ciki ta nuna shi da layi mai tsinke-tsinke, in hakan bai isa ba ta tsaga shi ta nuna cikin. Sannan ta sa awo. Nan ne gwanintar take, don manhajar tana iya fitar da zanen da kanta, amma ba ta san awon da ya dami mai aiki ba.

"Kwamfuta ba ta da kunya," in ji Goggo. "Ka sakar mata fuska, sai ta jibga maka awo a kan awo har ka rasa ina ƙarfen yake."

Shekarar da na zauna a gidanta ina karatu ce maganar hujin ta taso, shi ya sa na ji ta daki-daki, yawanci a kan tabarmar cin abinci.

An ce a sabunta zanen keken da suka fi sayarwa. Goggo ta buɗe farantin ƙarfen da ke riƙe madogarar hannun dama, abin da ta zana ba ta san adadi ba. Huji uku ne a jikinsa na noti, sai wani ɗan ƙarami can ƙasa, wanda fensir zai shiga da ƙyar. Ta zo sa masa awo sai hannunta ya tsaya. Ta buɗe hoton keken gaba ɗaya a haɗe, ta juya shi, ta ɓoye taya, ta ɓoye kujera. Babu noti a hujin, babu waya, babu komai. Ta duba farantin hagu, shi ba shi da shi.

Ta je teburin Injiniya, wani matashi mai haƙuri da ke kiranta Mama.

"Ɗana, wannan hujin na mene ne?"

Ya matso da fuskarsa, ya juya farantin sau biyu. "Wallahi Mama, haka na gaje shi. Wanda na karɓa a hannunsa ma ina jin haka ya tarar. In ba ya aikin komai mu toshe shi mana, mu rage wa mutanen ƙasa wahala."

"Ruwa ba ya tsami banza. Bari in tambaya tukuna."

Ta sauka ƙasa, inda ƙarar injina ke sa mutane magana da hannu. Mai injin huda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya yi dariya.

"Goggo, ke za ki tambaye ni? Ai ke kike sa shi a takarda, ni kuma in huda."

Mai fenti ya ce shi dai a nan yake saƙala waya ya rataye farantin ya bushe. Goggo ta ji daɗi, har ta juya za ta tafi, sai ta dawo.

"To na hagu fa, da ba shi da shi?"

"Shi a hujin noti nake ratayewa."

"Ashe ba don kai aka yi ba ke nan."

"Ni dai na gan shi a sake, na more."

Da yamma ta ba mu labari, abinci yana hucewa a gabanta. Mijinta, Kawu Direba, mutum ne da bai taɓa tambayar abin da ke cikin injin motar da yake tuƙawa ba muddin tana tafiya.

"Yanzu ke huji ne ya hana ki cin abinci? Huji fa ba komai ba ne. Wurin da babu ƙarfe ne kawai."

"To wa ya ce kada a sa ƙarfe a wurin?" in ji ta.

Kawu ya dube ni ya ce, "Kin ji irin abin da nake fama da shi."

Mutumin da ya fara zana keken da hannu yana nan da rai, tsohon maigidanta a ofis, wanda suke kira Baba Rula. Ya daɗe da yin ritaya, yana kiwon tantabaru a bayan gida. Goggo ta buga zanen a takarda ta kai masa ranar hutu. Ya sa tabarau, ya bi layukan da farce, ya fara da yi mata gyara, wai kibiyar awo ɗaya ta matse da layi.

"Baba, ba wannan ya kawo ni ba. Dubi nan."

Ya daɗe yana kallo. "Ni ma ban ƙirƙire shi ba. Ai keken nan ba daga kanmu muka fitar da shi ba. Marigayi Maigida, kafin ya buɗe masana'anta, makanike ne. Yayarsa ta yi haɗari ta daina tafiya, shi ya ƙera mata keke da hannunsa. Mutane suka gani suna so, sai ya kawo min shi ya ce in auna komai in zana. Na auna komai. Har hujin."

"Ba ka tambaye shi ba?"

"Ke kin san shi kuwa? Ana tambayarsa?" Ya cire tabarau. "Amma yayar tasa tana nan. Tana gidan ɗanta, bayan tashar jirgin ƙasa."

Goggo ta yi kwanaki tana jujjuya abin, tana ganin rashin ta-ido ne ta je gidan mutane da irin wannan tambaya. A ƙarshe ta sayi lemo da ayaba ta tafi.

Ta sami tsohuwar a baranda, 'yar siririya mai kaifin ido, zaune a wani keke da fentinsa ya koɗe har ƙarfe ya fito. Bayan gaisuwa Goggo ta fara kame-kame, tana bayanin inda take aiki, sai idonta ya kai ƙarƙashin madogarar hannun dama ta keken. Tsohuwar saƙa take yi da kwarashi. Zaren ulu ja ya taso daga wata jaka da ke rataye a ƙarƙashin kujera, ya bi ta cikin ɗan hujin, ya hau zuwa yatsunta. Bakin hujin ya goge yana sheƙi.

"Inna, wannan hujin..."

"Wannan? Ƙanena ne ya huda min. Ƙwallon ulu ne yake ta faɗuwa yana gangarawa ƙarƙashin gado, ni kuma ba halin bin sa. Kullum sai na ƙwala wa wani kira. Ran nan ya gaji ya zo da injinsa, ya ce, Yaya, daga yau kin daina damun mutane."

Goggo ta gaya mata cewa duk keken da masana'antar ta fitar, tun daga na farko, yana ɗauke da hujin nan. Tsohuwar ta ajiye kwarashi.

"Duka?"

"Duka, Inna."

"Har na maza?"

Ta yi dariya har da tari, sai da jikarta ta kawo ruwa. Da ta lafa ta share ido ta ce, "To su me suke yi da shi?"

Goggo ta ce wannan tambayar ce ta biyo ta har gida. Daga ranar, in ta hango keken masana'antarsu a titi sai ta tsallaka. Ta gaida mai shi, ta ce ita ce mai zana shi, ta nemi izinin leƙa ƙarƙashin hannun dama. Wani mai sayar da jarida ya ɗaure mabuɗin shagonsa a wurin. Wata ɗaliba ta saƙala igiyar wayarta don kada a fizge. Wani dattijo a ƙofar asibiti ya rataya ƙaramar ƙararrawa. Wata mata ta ce igiyar lema take ɗaurewa. Da yawa kuma ba su ma san da shi ba, sai da ta nuna musu, suka sa yatsa suka shafa. Ɗaya ya ce shi bahago ne, me ya sa aka yi wa na dama gata.

Ta kwashe duk wannan ta kai wa Injiniya. Ya saurara yana murmushi, sannan ya buɗe farantin hagu ya huda masa nasa. Goggo ta ce a kashe kaifin bakinsa kuma, don ta ga yadda ya cinye igiyar ɗalibar. Ita ta fitar da sabon zanen, ta tsaga farantin daidai kan hujin, ta girmama wurin a cikin da'ira don mai huda ya ga yadda bakin zai kwanta. Mai injin huda ya hau sama da takardar a hannu.

"Goggo, kin tafi neman dalilin huji ɗaya, kin dawo min da biyu?"

Ta ci gaba da zuwa wurin Inna bayan haka, ba don wani aiki ba, shiri kawai suka yi. Tsohuwar tana son jin yadda ake juya ƙarfe a cikin gilashin kwamfuta, har Goggo ta ari kwamfutar hannu ta Injiniya ta kai mata, ta ɗora yatsanta a kan linzami. Inna ta juya keken ya koma ƙafa a sama, ta ce a mayar da shi kafin mai shi ya faɗo.

Kafin ta rasu ta saƙa wa Goggo suwaita ja. Goggo ta so ta kawo mata awon jikinta a rubuce, tsohuwar ta ce ita ba ta taɓa auna mutum ba, da ido take yi. Suwaitar ta fito hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuyan kuma sai an yi dabara kai yake shiga. Goggo ta naɗe dogon hannun, ta riƙa sa ta a ofis saboda sanyin na'urar sanyaya ɗaki har ta yi ritaya.